Ƙaramar Tukunyar da Na Ce ta Wanke Hannu Ce

Ranar Asabar da ta wuce, wajen girkin bikin coci, na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan matan zumunta, tana cewa a bar mata wake, ai shi ne mai sauƙi, ruwa ne kawai da wuta. Na zauna a kan turmi har aka kwashe waken nan, rabi ya zama kunu, rabi kuma in ka jefi akuya da shi sai ta yi kuka. Shi ya sa na yago takardu daga littafin jikata na ce bari in rubuta muku. Aji huɗu na yi a makarantar mishan ta wajenmu, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Amma wake na san shi. Shekara talatin da wani abu ina dafa shi a gidajen mutane, daga Manga zuwa Dabai zuwa cikin Zuru, duk inda taro ya fi ƙarfin matan gida. Su ke tuƙa tuwo, ni Saratu ake kira don waken da ake ɗorawa a gefen kwano.

Aikin farko da aka ba ni tsinta ce. Inna Mairo, wata Bakabiya mai sayar da abinci a bakin tashar Zuru, ta ajiye mini faifai da wake mudu huɗu, ta ce in raba wake da abin da ba wake ba. Na yi, na kai mata ina taƙama. Ta tsoma hannu sau ɗaya ta fito da tsakuwa uku, ta jera mini su a tafin hannu.

"Wagga ta karya haƙorin direba," in ji ta, "wagga ta ɗan kamasho. Ta ukun kuma naki haƙorin ne, in sun zo ramawa."

Wata uku ban taɓa tukunya ba, sai faifai.

Duk tasha an san Inna Mairo da abu ɗaya: wakenta yana laushi kamar auduga, kuma ba ta sa kanwa. Direbobi na son haka, don wanda ya ci wake mai kanwa da yawa ba ya kai Yauri ba tare da ya tsaya a daji sau uku ba. A gefen murhunta kuwa akwai wata ƙaramar tukunya baƙa, kullum tana zaune a kan garwashi. Na tambaye ta ta mene ce.

"Ta wanke hannu ta. Mi ya dame ki da ita? Tahi ki ɗebo itace."

Shekara biyu ina ɗebo itace. Sai na lura duk lokacin da ta aike ni, itacen bai ƙare ba. Wata rana na fita kamar na tafi, na laɓe a bayan zana. Na ga ta tsoma ludayi cikin ƙaramar tukunyar ta zuba a wake, sau biyu, ta rufe ta koma ta zauna kamar ba ita ba. Da ta shiga salla na ɗanɗana ruwan. Ruwan zafi ne, da kanwa 'yar kaɗan, wadda sai ka nema za ka ji ta a harshe. Ina juyowa na gan ta tsaye da buta.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Sai yau? Na zaci ke wawiya ce." Daga ranar ta daina aikena itace. Da ta tsufa za ta koma wurin danginta, ƙaramar tukunyar ta bar mini. Ni kuma na ɗauka haka ake koyar da sana'a: a ɓoye, mai wayo ya sata.

To ga yadda ake yi, ku buɗe kunne, don ni yanzu ba na ɓoye komai. A tsince wake da rana a waje, ba a inuwar ɗaki ba. A wanke shi, wanda ya taso saman ruwa ƙwari sun riga ki cinye shi, ki ba kaji. Kada ki zuba wake sai ruwa ya tafasa. In ya yi tafasa ɗaya ki tsiyaye ruwan farko ki zubar, shi ke kumbura ciki. Ki mayar da ruwan zafi, ki jefa rabin albasa. Wuta ta itace mai garwashi ce, ba karan dawa da ke tashi fuu ya mutu ba. Gishiri kuwa ki ɓoye shi kamar ba ki da shi, sai wake ya yi laushi. Wake na shan ruwa, zai tsotse sau biyu ko uku, kuma a nan ake faɗuwa. Wadda ta ɗebo ruwan randa mai sanyi ta kwara masa, ta gama da shi, zai ƙanƙare ya yi ta tsalle a tukunya har la'asar. Daga ƙaramar tukunya ake ƙara masa, ruwa mai zafi da kanwar da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba ga mudu biyu, ludayi ɗaya yanzu, ɗaya anjima. Kanwar da aka jefa gaba ɗaya ita ke mayar da wake ja ta kuma kori mutum daji. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki danna da harshe a saman baki. In ta baje ba tare da haƙori ya taimaka ba, ya yi. Sannan ki soya sauran albasar a man gyaɗa, ko man kaɗe in gidan ƙauye ne, ki daka daddawa da barkono ki zuba, ki sa gishiri, ki juya da cokalin katako sau uku kawai, ki rufe ki janye wuta. Ke nan. Mai sauƙi ne, ko? To ku yi wa mutum arba'in da suka wuni a gona, a murhun gidan da ba ku taɓa shiga ba, da itacen da ruwan sama ya taɓa.

Masu cin wakena iri-iri ne. Tsofaffin sojoji, waɗanda ba a rasa ɗaya a kowane gida a ƙasarmu, sukan ce barkono bai ji ba ko da hawaye na zubo musu. Masu zaman makoki ba sa magana, su ne masu daɗin sha'ani. Mafi wuyar sha'ani samarin golmo, wato saurayi da abokansa da ke yi wa uban yarinyar da yake nema noma. Waɗannan suna saukowa daga gona da yunwa da waƙa a baki, kuma duk abin da ya ba su haushi ko dariya sai sun sa shi a waƙa. Akwai wani dattijo a Manga da ya ba su kunu mai ruwa-ruwa, har ya mutu ana kiransa Rafi. A gabansu nake buga ƙirji in ce, "Ni Saratu ban san kanwa ba. Kanwa ta malalata ce." Su kuma su ci su koma gona lafiya lau, su yi ta yaɗa sunana.

Rifkatu ta zo hannuna ne lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, sai mutum ya hau tudu yake samun magana. Matar soja ce, mijinta ya mutu a bakin aiki can kudu, aka sallamo ta daga bariki da yara uku da akwati biyu. Ba ta da gona, ba ta iya noma ba. Matar fasto ce ta kawo mini ita ta ce in koya mata, ko ta samu abin riƙe yaran a nan kusa da makarantarsu, kada ta watsar da su gidajen dangi. Na ce to.

Macen nan tana da hannu, wannan ba zan hana ta ba. Sati biyu ta gama da faifai. Tana yanka albasa kamar inji. Abin da ba ta da shi shi ne zargi. Bariki ya koya mata in babba ya faɗi magana, shi ke nan. Ranar farko ta nuna ƙaramar tukunyar.

"Yaya Saratu, wannan fa?"

"Ta wanke hannu ce. Je ki ɗebo itace."

Ta tafi. Shekara biyu tana tafiya. Wani lokaci har nakan yi jinkiri da ludayin a hannu, in duba bayan zana ko zan ga ƙafarta. Babu. Sai ta dawo da itace a ka, tana cewa, "Yaya, ke kam Allah ya ba ki hannu. Ina fita ina dawowa sai in tarar ya yi laushi." Ni kuma in ce, "Addu'a ce, Maman Bulus," don da sunan babban ɗanta nake kiranta. In ta dafa ƙaramin mudu a gida da sabon wake yakan yi dama-dama, don sabon wake ba ya gardama. Shi ya sa ba ta taɓa gane akwai abin da ya rage ba.

Sai ga shekarar da hatsi ya yi tsada, wadda iyayenku ba su manta ba. Dawa ta yi wuya, wake ya fi ta. Abin da ya fito kasuwa tsohon wake ne da ya kwana biyu a rumbunan 'yan kasuwa, ya bushe ya yi ƙarfi, in ka zuba shi a tire sai ka ji kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Irin wannan ko da ƙaramar tukunya sai ka yi da gaske. Aiki kuma ya yi ƙaranci, gidaje da yawa sun daina kiran mai girki. Don haka da aiki biyu suka faɗo rana ɗaya cikin damina, gayya a Manga da golmo a gidan Baba Ishaya a Dabai, ban ƙi ko ɗaya ba. Na ce ni zan je Manga, Rifkatu ta je Dabai. Matar Baba Ishaya ta ce in yarinyar ta yi da kyau, ita za su riƙa kira a unguwarsu, tunda ni na yi musu nisa. Rifkatu ta ji wannan magana. Ta wanke zanenta na zuwa coci ta goge shi don ranar.

Da safe ta zo ɗaukar kaya. Na ba ta babbar tukunya da faifai da cokalin katako. Ta ɗora su a bayan kabu-kabu, sai ta dawo ta tsaya a bakin madafa.

"Yaya, in ɗauki ƙaramar? Ko su ma za su so wanke hannu da ruwan ɗumi."

Kanwar tana ƙulle a bakin zanena. Magana ce ta numfashi ɗaya. Na duba ta, na tuna maganar matar Baba Ishaya, na ce, "Bar ta. Suna da ƙwarya a Dabai."

"To waken nan tsoho ne, ko in ɗan sa kanwa?"

"A ƙarƙashin sunana? Kin taɓa ganin na sa?"

"A'a, Yaya."

"To."

Abin da ya faru a Dabai ban gani da idona ba, amma mutum goma sun ba ni labari, kuma duk bakinsu ɗaya. Ta ɗora wake tun rana ba ta yi zafi ba. Ya tsotse, ta ƙara masa ruwan randa, don a gabanta ni ban taɓa ƙara komai ba, ba ta san da wani ruwa ba. Ya sake tsotsewa, ta sake ƙarawa. Matan gidan suka ce ta jefa kanwa, ta ce Yaya Saratu ba ta sawa, ita ma ba za ta sa ba. Ta ƙone itacen gidan kaf, aka shiga na maƙwabta. Rana ta take, samari suka sauko daga gona, tuwo ya huce yana jiran wake. Dole aka kwashe. Saurayin da ke neman 'yar gidan ya kai loma ɗaya, ya tauna, kowa ya ji ƙarar. Ya tofar a hannu ya duba, ya ce, "Mama, wannan daga rafi aka kwaso shi ko daga dutse?" Wani ya zuba nasa a gwangwani ya fara kaɗawa. Kafin su koma gona waƙa ta fito:

"Matar soja ta dafa tsakuwa,
Mu da haƙora, mu da wahala."

Ni kuwa a Manga an sha wake har ana lasar kwano.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba Ishaya ya tare ni a ƙofar coci, mutane na tsaye. Rifkatu tana nan gefe da yaranta.

"Saratu, haka za ki yi mini? Surukaina sun tafi suna yi wa gidana waƙa."

Wannan ce dama ta biyu, kuma ta fi ta farko sauƙi, don da na ce laifina ne da an yi dariya an wuce. Abin da na ce shi ne, "Baba, ni duk abin da na sani na koya mata. Hannu ne, wani yana da shi, wani ba shi da shi."

Rifkatu ba ta ɗago kai ba. Washegari ta kawo mini tukunyata a wanke tas, har gindinta ta kankare, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, na ɓata miki suna." Na ce ba komai, kowa na kuskure. Har ruwa na ba ta ta sha.

Sunan Tsakuwa ya bi ta. A rijiya, a kasuwa, yaranta ma a makaranta 'ya'yan Tsakuwa ake ce musu. Ba wanda ya sake kiranta ko dafa ruwan shayi. Kafin kaka ta kai babban ɗanta gidan kawunsa, ta biyun gidan wata gwaggo, ta ɗauki 'yar autar ta tafi Dirin Daji wurin wata 'yar uwarta. Unguwar Baba Ishaya kuwa ni suka ci gaba da kira, kuma na je.

Shekara huɗu na yi ina zuwa. Sai wata rana ina tsintar wake a wani gida a Dabai, na ji yara ƙanana suna wasan tsalle da waƙar nan, yaran da ba su ma san wace ce matar sojan ba. Na gama aikin ranar. Ranar kasuwar Dirin Daji na naɗe ƙaramar tukunyar a zane na hau mota.

Ban sha wuyar nemanta ba. Na tambayi wani ɗan kamasho ina Maman Bulus, ya ce bai san ta ba. Na ce Tsakuwa. Ya ce, "Au! Ga rumfarta can, inda kika ga layi." Layi kuwa har bakin hanya, manoma da direbobi da ma'aikatan ƙaramar hukuma, kowa da kwano. Yaranta uku duk suna nan, manyan sun dawo hannunta. A gefen murhunta, a fili inda kowa ke gani, ga wata ƙaramar tukunya a kan garwashi.

Na jira layi ya ragu. Ta gan ni, ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu, ta ba ni kujera. Na kwance zanen na ajiye tukunyar a gabanta.

"Maman Bulus, wannan ba ta wanke hannu ba ce."

"Haba, Yaya?"

"Ruwan zafi ne da kanwa. Da shi nake ƙara wa wake in na aike ki itace. Ranar Dabai da gangan na hana ki. Abin da na faɗa a ƙofar coci kuma ƙarya ne."

Ta gama goge cokalin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Wata na uku a nan na gane. Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta gan ni ina kwara ruwan sanyi, ta ce wane mugun ne ya koya mini. Na ce mata ba mugu ba ne, yayata ce." Ta ɗauki tukunyar tawa ta juya ta, ta duba gindinta. "Kin ci abinci?"

"A'a."

Ta ɗebi ruwa daga tata ƙaramar tukunyar, yana tururi, ta juye a tawa, ta ajiye a gabana.

"To wanke hannu, Yaya. Ai ta wanke hannu ce."

Direbobi biyu da suka rage a benci suka daina tauna. Na duba ruwan, na duba ta. Na naɗe hannun riga na miƙa hannu. Yatsuna na gab da taɓawa ta riƙe mini wuyan hannu, ta kwara ruwan sanyi a ciki da moɗa, tana dariya har da riƙe ciki.

"Ki bari, tsohuwa! In kin ƙone wa zai yi wa Baba Ishaya girki?"

Na wanke. Ta zubo mini wake a gefen tuwo. Na danna ƙwaya ɗaya da harshe, ta baje. Na ci loma ta biyu, sai na ji wani abu can ƙarƙashin daddawar, wani ɗan ƙamshi da ba na albasa ba, ba na man kaɗe ba, wanda ni ban taɓa sawa ba, Inna Mairo ma ba ta taɓa ba. Waken ya fi nawa. Na faɗa a rubuce, kuma na faɗa a gaban coci ranar Lahadin da ta biyo, tare da sauran maganar, Baba Ishaya yana zaune a layin gaba.

Amma a ranar, da na sauke kwanon, sai na matsa kusa da ita na rage murya.

"Maman Bulus, me kika ƙara a ciki?"

Ta leƙa tukunyarta, waken ya fara tsotsewa. Ta ɗauki ludayi, ta juyo ta dube ni.

"Yaya Saratu," in ji ta, "itace ya kusa ƙarewa. Ga shi can bayan rumfa, ɗan ɗebo mini."